Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu a Matsallakan Layin Dogo Marasa Mai Gadi

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, shugabanni da 'yan'uwa membobi, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bara.

Layin da muke zaune a gefensa, wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tsaya a Nguru, tun 1930 yake nan. Kakanninmu da suka yi lodin gyaɗa a kansa sun san jirgi, suna kuma tsoronsa. Mu kuwa mun taso jirgi na zuwa jefi-jefi, wani lokaci a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, har mutane suka mai da dogo wurin shanya barkono da hanyar zuwa kasuwa. A ganinmu wannan sabo da dogo shi ne babban haɗari, ya fi rashin shinge. Wanda ya tsallaka sau ɗari bai ga komai ba, ranar da jirgi ya zo ma ba zai waiwaya ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne sara. A ƙarshen damina gamba da dawa kan rufe matsallaka, mai babur ba ya hango jirgi sai ya hau dogo. Mun yi gayya a matsallakan da suka fi cunkoso ranar kasuwa, mun kuma zauna da masu gonakin da ke bakin hanya. Abin bai zo da sauƙi ba, domin ba a ce wa manomi ya rage kunya ko ɗaya ya yi murna. Sai da dagatai suka sa baki aka daidaita: a bakin matsallaka za a riƙa shuka gyaɗa ko wake a maimakon dawa. Wasu sun cika alkawari, wasu sai mun sake komawa kafin shuka.

Mun kafa alluna masu cewa "Tsaya, Duba, Saurara" da boko da ajami. Na ƙarfe ba su kai watan azumi ba, masu jari-bola suka yi gaba da su. Yanzu a jikin siminti muke rubutawa.

Wajen faɗakarwa mun bi tashoshin mota, inuwar 'yan acaɓa, makarantun allo da na boko, limamai kuma sun taimaka bayan sallar Juma'a. Abin da muka fi nanatawa shi ne jirgi ba ya kaucewa, kuma mai ɗauke da kaya a guje yakan ci kusan kilomita guda ko fiye kafin birki ya tsayar da shi. Girmansa kuma na ruɗin ido, sai a ga kamar tafiyar hawainiya yake yi. Mukan ba direbobi labarin Ikeja, inda ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas, aka rasa rayuka, alhali akwai masu tsayar da motoci a wurin. To, ina ga inda babu kowa? Masu amalanken shanu mun roƙe su su sauka su ja dabba da hannu, saboda ƙafar amalanke na maƙalewa a tsakanin ƙarafuna. Makiyaya ba mu same su yadda muke so ba, kuma laifin namu ne, mun je a lokacin da suka riga suka fita kiwo.

Shirin masu tuta na sa-kai, wato masu tsayar da mutane a matsallaka idan jirgi na zuwa, ya rushe, gara mu faɗa. Matasa sun fito da zuciya ɗaya, amma da yake ba su san ranar zuwan jirgi ba, sai su wuni a rana a banza, a hankali kowa ya koma sana'arsa. Mun kai takarda ofishin da abin ya shafa muna neman a riƙa sanar da mu, har yau muna jiran amsa. Indiya ta sanar a Janairun 2019 cewa ta kawar da irin waɗannan matsallaka a manyan layukanta, ta hanyar sa masu gadi, gina gada ko rufe wasu. Wannan aikin hukuma ne, kuɗin karo-karonmu ba zai yi shi ba.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla. Mafi yawan abin da aka kashe ya tafi ne a siminti, fenti da abincin 'yan gayya, kuma akwai membobin da ba su biya nasu ba.

A sabuwar shekara za a yi sara sau biyu, a tsakiyar damina da kaka, a sake fentin alluna kafin hazon hunturu. Muna kuma neman izinin taro mu tura wakilai yankin Kazaure da Daura, inda ake shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, su gaya wa mutanen can su nemi a bar musu hanyar gona da burtali tun kafin a gama aiki.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa