Barka da Kirsimeti daga Winnipeg, Kanada

Mama barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ya jikin Baba, ya su Yaya da yara? Na san yanzu kun dade da tasowa daga coci tunda kun riga mu da awa 7, kila har an fara kai wa makwabta shinkafa, mu nan yanzu gari ya waye, sanyi ya kai 25 kasa da sifili, rana kuma karfe 4 da rabi ta fadi sai duhu.

Jiya da daddare kewar gida ta kama ni sosai Mama, ina zaune ni kadai sai ga makwabciyata, wata dattijuwa, ta buga kofa wai in zo kar in kwana da yunwa daren biki. Ina zuwa ta miko min kofi, wani abu mai kauri fari-fari kamar ruwan kwai, an barbada gyadar kamshi a sama. Egnog suke ce masa. Tun Nuwamba nake ganinsa a kanti cikin kwali, gefe daya Turanci gefe daya Faransanci, na Faransancin ma'anarsa wai madarar kaza, amma ban taba saye ba, kuma biki na wucewa yake bacewa sai wata shekara. Ta ce asalinsa daga Ingila ne, wata madara mai zafi da ake hadawa da giya, har yau ma da yawa suna zuba barasa a ciki, amma sai da ta tambaye ni kafin ta zuba, na ce a'a, ta ba ni zallansa.

Mama kurba daya na yi idona ya ciko. Kin tuna lokacin da zazzabi ya kwantar da ni kina fasa kwai cikin madarar Peak kina kadawa da cokali, ki ce sai na shanye tas kafin ki tashi daga bakin gado? Shi na tuna. Kaurinsa kuma kamar kunun gyadarki idan ya dan huce.

Na tsaya a kanta ta hada wani a gabana don in koya. Kwanduwar kwai 6, sukari rabin kofi, ta kada har ya yi haske, ta dora madara kofi 2 da kirfa a wuta kadan-kadan, sai ta rika diban madarar mai zafi da ludayi tana zubawa cikin kwan tana juyawa ba tsayawa, in aka juye gaba daya kwan zai dahu ya yi gudaji. Ta mayar wuta har ya kama bayan cokali, ta ja yatsa layin ya tsaya bai hade ba, sannan kirim kofi 1, sai firji. Ta nanata min a dafa shi, danyen kwai yana iya sa ciwon ciki, musamman yara da tsofaffi, don Allah na Baba ma a rika dafawa.

Ku gwada kafin sabuwar shekara tunda hunturu ya shigo, in ba kirim madarar gwangwani za ta yi, in kuma ba wuta ku sha da duminsa. Ki ce wa Yaya ta turo min hoto a WhatsApp, har da na dinkin yara, ban ga ko daya ba tukuna. Zan kira anjima in kun ci abincin dare, a ba Baba wayar ya sa min albarka.

'Yarki