Rahoton Ayyukan Shekarar 2022 na Ƙungiyarmu ta Masu Wasan Hearthstone

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. A madadin kwamitin gudanarwa, ina gabatar muku da rahoton yadda shekarar 2022 ta kasance mana a wasan katin Hearthstone na kamfanin Blizzard da ke Amurka, tare da shawarar da kwamitin ya yanke game da zubin katuna (wato sabon rukunin katunan da kamfanin ke fitarwa) da ake jira a farkon 2023.

Mun ci gaba da zamanmu na mako-mako ta intanet, kuma kusan dukanmu a sashen Turai muke wasa. Ina sake jaddada wa sababbin membobi cewa katunan da mutum ya tara a wani sashe ba sa bin sa zuwa wani, don haka wanda ya buɗe asusu a sashen Amurka bisa kuskure ba zai iya karawa da mu ba sai ya faro daga tushe. Ɗauke wuta da raunin intanet sun katse mana wasu karawa, amma ba su hana zama ba.

Zubi uku kamfanin ya fitar kamar yadda ya saba: Voyage to the Sunken City a Afrilu, Murder at Castle Nathria a Agusta, sai March of the Lich King a Disamba. Amma katin da ya fi sauya mana lissafi a watan Yuni ya zo, wato Prince Renathal, wanda ya ba ɗan wasa damar haɗa ƙunshi (jerin katunan da yake shiga wasa da su) mai kati 40 a maimakon 30, jaruminsa kuma ya fara da lafiya 40. Nan take wasa ya yi tsawo, masu kai farmaki da wuri suka riƙa ƙarar da katunansu kafin su gama da abokin karawa, ƙunshin Druid (ɗaya daga cikin azuzuwan jarumai) mai tara duwatsun ƙarfi, waɗanda da su ake sauke kati, da sauri kuwa ya mamaye zamanmu, saboda katin Wildheart Guff yana ɗaga iyakar duwatsun daga 10 zuwa 20. Da Sire Denathrius ya shigo a Agusta sai abin ya ƙara tsananta, domin kati ne da ɓarnarsa ke ƙaruwa duk lokacin da wani mayaƙin mai shi ya faɗi, har ya iya kammala wasa da bugu guda. A ganina wannan ne lokacin da zamanmu ya fi rashin armashi, tunda kowa ya san yadda wasan zai ƙare tun ana tsakiyarsa, sai dai a jira a ga wanda zai fara zaro katin ko wanda zai sace shi da Theotar, katin da ke musanya kati daga hannun abokin karawa.

A Disamba kamfanin ya rage lafiyar da Renathal ke bayarwa zuwa 35, ya kuma rage wa Denathrius kaifi. A watan ne kuma aka ƙara aji na goma sha ɗaya, Death Knight, wanda ake haɗa ƙunshinsa ta zaɓen hatimi uku daga cikin na jini, na ƙanƙara da na ƙazanta. Har yanzu muna koyonsa, kuma kwamiti bai ga dalilin yanke hukunci a kansa da wuri ba.

Darasin da ya fi muhimmanci ga aljihun membobi shi ne na ƙura, wato abin da ake tarawa a cikin wasan domin ƙera katuna. Ƙera kati mafi daraja yana cin ƙura 1600, amma idan aka narkar da shi 400 kacal ake samu, sai fa idan kamfanin ya rage masa ƙarfi, lokacin da ake mayar da cikakken farashinsa na ɗan wani wa'adi. Waɗanda suka yi gaggawar ƙera katuna a makon farko na kowane zubi su ne suka fi yin asara, yayin da wasu membobi suka hau matakai masu kyau da ƙunshin Hunter mai araha da katunan rukunin Core da ake bayarwa kyauta.

Da zarar zubin farko na 2023 ya fito, katunan 2021 za su bar tsarin Standard na sababbin katuna su koma Wild inda ake wasa da tsofaffi ma, wato na Forged in the Barrens, United in Stormwind da Fractured in Alterac Valley. Guff yana cikin masu tafiya, Denathrius kuwa yana nan. Fatanmu shi ne sabon zubin ya ba masu kai farmaki da wuri kayan aiki, ya rage dogaro da katuna ƙalilan da kowane aji ke cusawa a ƙunshinsa, sannan a sabunta rukunin Core ta yadda wanda ba ya sayen fakiti zai iya gogayya.

Saboda haka kwamiti yana shawartar kowa da kada ya ƙera wani kati na 2021 daga yanzu, ya adana zinarensa na cikin wasan domin fakiti goma na farko na sabon zubin, waɗanda aka tabbatar za a sami kati mafi daraja guda a cikinsu. Za mu kira zama na musamman bayan an gama bayyana katunan, kuma muna roƙon duk mai sha'awar jagorantar nazarin wani aji ya sanar da magatakarda kafin lokacin.