Zuwa ga Yaya, a kan bashin da na ɓoye muku

Kolombus, jihar Ohayo, Amurka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wagga takarda ta iske ku lafiya. Yaya sanyi, yaya aikin fadama? Na ga hotunan dashen da Auta ya turo, shinkafar ta kama ƙasa, Allah ya sa albarka, ya tsare ta daga jan baki. Yaya ƙafar Inna? Mu ma nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta rufe gari, kullum sai na kankare gilashin mota kafin in tafi aiki.

Na zaɓi in rubuta ne don na san halina. Da na ji muryarka a waya sai in ce komai lafiya, mu shiga hirar farashin taki, mu yi sallama. Ka karanta kai kaɗai tukuna, sannan ka duba yadda za ka gaya wa Inna.

Yaya, ana bina bashi. Dala 11,500 ne, a katin bashi guda uku. Na san ka riga ka fara bugawa a ranka, to in rage maka wahala, a canjin naira 1,500 ya haura naira miliyan 17. Kuma ba jiya ya fara ba.

Ka tuna daminar 2020, da ambaliya ta cinye fadama, ka kira ni kana tsaye a bakin gona, ba ka ganin komai sai ruwa. Lokacin nan korona ta sa an rage mana awoyin aiki a sito, asusuna ba shi da ko na cefanen wata. Na ce maka kar ka damu, gobe za ka ji saƙo. Da dare na je na'urar cire kuɗi na zura katin bashi, na ciro dala 1,500. Nan take suka ɗora mini dala 75 ladan cirewa, kuma kuɗin ruwa ya fara hawa tun daga daren, domin kuɗin da aka cira a hannu ba a ɗaga masa ƙafa ko ta kwana ɗaya. Daga nan hanya ta buɗe. Aikin da aka yi wa Inna a Sakkwato, kayan ɗakin ƙanwarmu, injin motata da ya buga, sai kuma zuwana gida a 2022. Shaddojin da na raba, da wayoyi, da turare, har bijimin da aka yanka, duk kati ne. Ina zaune a zaure ana ta sa mini albarka, ni kuwa na san ko hular da ke kaina ban gama biya ba.

Kar ka ɗauka ina ɗora muku laifi. Babu wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Ban iya buɗe baki in ce babu ba, don kar a ce mutumin Amurka ya gaza. Wannan nawa ne.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake, don ba irin bashin da muka sani ba ne. A gida idan ka ci bashin kaka, ka san buhu nawa za ka auna, ka san ranar, mai kuɗi kuma zai zo har masussuka ya tsaya. Ko bashin noman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, wanda ka karɓi iri da taki, ai da ranarsa. Shi wanga ba ya zuwa ƙofar gida, ba ya ɗaure fuska. Kowane wata sai ya aiko maka takarda cikin ladabi, ya ce ka ba da ɗan kaza kawai, sauran a bar shi. In ka biya duka kafin ranar da suka sa, ba ruwa ko sisi a kan sayayyar da ka yi. In ka biya ɗan abin da suka yanka kaɗai, ai ka zama saniyar tatsa.

Babban katin nawa dala 7,200 ne, ruwansa kashi 22 cikin ɗari a shekara. Ɗan abin da suke nema a wata dala 204. Shekaru ina biyan wannan a kan kari, har ina jin kaina mai cika alkawari. Wata Asabar bayan na taso daga aikin dare, na zauna a kicin da shayi, na buɗe takardar na karanta ta tun daga sama har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba. Ashe cikin 204 ɗin nan, 132 ruwa ne, 72 kacal ke taɓa uwar kuɗi. Akwai wani ɗan akwati a jikin takardar, wanda wata doka ta 2009, zamanin Obama, ta tilasta wa masu kati su riƙa bugawa. A ciki an rubuta ƙarara cewa in na ci gaba a haka sai na yi shekara 19 ina biya, ruwan kaɗai zai haura dala 11,000. A ƙasa kuma an ce in na tsaya a kan dala 275 kowane wata, shekara uku na gama. Yaya, dubi tazarar: dala 71. Takardar nan tana shigowa ɗakina wata bayan wata, ina ɗora kofi a kanta. Shayin ranar a nan ya huce, ban sha ba.

Da na haɗa katunan uku, ruwan da nake zubarwa a wata ya kai dala 228, wato kusan naira 340,000. Kuɗin taki da man injin ban ruwa ke nan nake miƙa wa mutanen da ban taɓa gani ba, kuma riba ce tsagwaronta. Na je na sami limamin masallacinmu bayan sallar asuba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in tuba, in biya haƙƙin mutane, in fita da gaggawa iya ƙarfina, kar kuma in sake zura katin.

Sai maganar ta inda za a fara. Waɗanda suka fara samuna masu kiran waya ne, da ke cewa za su sa a yafe maka rabi. Na saurari ɗaya har ƙarshe. Dabararsu ita ce ka daina biyan masu kati gaba ɗaya, ka riƙa tara kuɗin a wurinsu, sai bashin ya ruɓe su je su yi ciniki, su kuma yanki nasu kaso mai tsoka. Kafin nan tara ta hau, ana iya maka ka kotu, sunanka kuma ya ɓaci. A ƙasar nan kowa da makinsa na riƙon amana, daga 300 zuwa 850, kuma in ka yi jinkirin kwana 30 aka rubuta, shekara bakwai tabon na nan. Mai gidan haya na dubawa, mai sayar da mota na dubawa. Na ce masa na gode. An sayar da kare an sayi biri, ina amfanin?

Wata mata a ofishin ba da shawara kan bashi, irin waɗanda ba don riba suke aiki ba, ita ta zauna da ni awa guda da takarduna. Ta ce suna da tsarin da ake rufe katunan, a roƙi ragin ruwa, mutum ya riƙa biya wuri ɗaya shekara uku zuwa biyar. Amma da ta ga albashina ta ce zan iya da kaina, in dai zan iya riƙe hannuna. Ta nuna mini hanya biyu. Ko dai ka fara kashe ƙaramin bashi don ka ga ka rufe ɗaya zuciyarka ta yi ƙarfi, ko ka fara da wanda ruwansa ya fi tsada, don shi ya fi cinka. A duka biyun, sauran katunan kana ba su ɗan abin da suka yanka, kar ka tsallake ko wata ɗaya.

Abokin aikina, wani Basomale (suna da yawa a garin nan), ya dage sai in fara da ƙaramin, mai dala 900, ruwa kashi 18. Ya ce shi da haka ya fita, domin mutum ba kwamfuta ba ne, sai ya ga nasara yake ƙara himma. Ban ƙi tasa ba, kuma da na buga lissafi bambancin bai fi 'yan dala hamsin ba. Amma ni na zaɓi mai tsadar, na dala 3,400, mai kashi 29. In kwalekwale ya huje wuri uku, babbar kafa ake fara toshewa, kai ka koya mini haka a Matan Fada. Ban da haka, shi ne katin da na zura daren ambaliya. Shi nake so in fara daina gani.

Na kuma yi wata dabara da sai da na yi ta juyayi kafin in yarda. Akwai katin da ke karɓar bashin wani katin ya riƙe maka ba ruwa na wani lokaci. Saboda makina ya faɗo, dala 3,000 kawai suka amince da ita, na wata 15, ladan mayarwa dala 90. Kifi na ganinka mai jar koma: sun san yawancin mutane ba sa gamawa cikin wa'adin, ko su ga tsohon katin ya zama wayam su sake cika shi. Don haka na raba 3,090 gida 15, ya ba ni 206, na sa banki ya riƙa cirewa da kansa ranar albashi. Shi kuwa sabon katin ko ambulan ɗinsa ban yage ba. Tsofaffin biyu na sa musu almakashi, na bar ɗaya a ƙasan akwati.

Yanzu ga abin da ya shafe ku, wanda shi ne dalilin takardar.

Da dala 350 nake biya a wata, yanzu na mai da shi 700. Dala 150 ta fito daga wuyana: na bar ɗakina na koma muna raba ɗaya da wani ɗan Nijar, mutumin Dosso, na kuma karɓi aikin Asabar. Sauran 200 daga abin da nake turowa za ta fito. Daga watan gobe 250 za ka gani maimakon 450. Maganin Inna da abincin gida da kuɗin makarantar yara, waɗannan ba a taɓa su, da su za ka fara. Ginin Birnin Kebbi a tsayar. Bulon da aka buga a jera shi a rufe, rodin kuma a kwashe a kai gidan Kawu kafin a yi mana rabon gado da ranmu. Ka sallami maginin da haƙuri, in akwai cikonsa ka gaya mini. Ragon layya bana ba zan iya ba, haka gudummawar biki da suna, in ba abin da ya zama dole ba. Wanda ya ce ka ba shi lambata, ka ce ina cikin hidima.

A lissafina wata 20 ne. Kwasar adashina na masallaci, dala 2,000, tana zuwa a watan Yuli, a da kwanon rufin ginin na yi niyyar saya da ita, yanzu babban katin za ta tafi. Haka abin da gwamnati za ta maido mini na haraji. In Allah ya sa ba ciwo, mota kuma ba ta yi gardama ba, ina sa ran shekara ɗaya da rabi.

Na san abin da zai fara zo maka, ka ce a sayar da rabona na fadamar Baba a biya a huta. Don Allah kar ka ko tayar da maganar. Gonar nan ita ke ciyar da gida, kuma naira in aka mai da ita dala narkewa take yi kamar kitse a wuta. Ni na ci, ni zan biya da gumina.

Abin da ke hana ni barci ba lissafin ba ne. Ranar jana'izar Baba nake tunawa, da Kawu ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya fito. Aka yi tsit, sai tsohon nan mai sayar da zaren koma ya ce akwai 'yan canjinsa, amma ya yafe. Kai kuma ka ƙi, ka zaro ka biya shi a wurin. To ni in ta Allah ta kasance a nan, waɗanda ke bina ba sa zuwa jana'iza, kuma da ba ku ma san da su ba. Shi ya sa na rubuta komai a takarda na ba limaminmu ajiya, da lambarka a jiki.

Auta yana ta damuna in nema masa hanya. Ban hana shi ba, amma ka ba shi takardar nan ya karanta bayan kai, ya ga lissafin da idonsa. Yana ganin hotona a jingine da mota, bai san motar ma sai da na shekara huɗu ina biya ba. Maman yara kuwa ni zan gaya mata da bakina ranar Juma'a, kar ta ji a wurin kowa. Ita Inna, in kana ganin adadin zai tayar mata da hawan jini, ka ce mata bashi ne nake biya, ta sa ni a addu'a, azumi ga shi ya ƙarato. Ƙarya dai kar ka yi mata saboda ni, na yi wadda ta isa.

Ka gaida Inna da kyau, da Kawu, da Gwaggo, da iyalinka duka, da mutanen zaure. In mai zuwa ya samu, a ɗan ƙullo mini busasshen kifi da yaji, na nan ba ya jin komai. Ka turo mini saƙon murya in ka gama karantawa, ko faɗa ne ina so in ji.

Wassalam,
Ƙaninka