Masu fatsa, babban kifin ne ya fi cancantar komawa ruwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu fatsa don nishaɗi, mu da ba da kifi muke ciyar da iyali ba. Masunta da sana'arsu ke nan, maganarsu daban ce.

Duk wanda ka tambaya a cikinmu zai ce maka yana son ruwa ya yi albarka. Amma ka tsaya ka ga abin da muke yi a bakin ruwa. Ƙaramin kifi ya kama ƙugiya, sai a jefa shi a ce ya je ya girma. Babba ya kama, sai a ɗaga shi sama, a yi ta hoto, a tafi da shi gida, mutum yana jin ya yi wa ruwa adalci. Ni a ganina lissafin a juye yake.

Manyan kifayen nan su ne ke riƙe da zuri'a. A 2018 mujallar Science ta buga wani bincike da ya duba nau'in kifin teku 342, aka gano cewa ƙwan da mace ke zubawa yana ƙaruwa fiye da yadda nauyinta ke ƙaruwa. Misalin da suka kawo shi ne kifin kod: mace ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwai fiye da mata 28 masu kilo biyu-biyu, alhali idan ka haɗa waɗannan 28 sun kusa ninka ta a nauyi. Babu makiyayin da zai yanka saniyar da ta fi haihuwa ya bar maruƙa, sannan ya ce yana tattalin garke. Shi ya sa a wurare da dama dokar fatsa ta daina tsayawa a kan "kada ka ɗauki ƙarami" kaɗai, aka sa iyaka sama da ƙasa: matsakaici ka ci, ƙarami da babba su koma.

Sai dai mayar da kifi ruwa ma yana da ƙa'ida, kuma nan ne na fi jin takaici. Na sha ganin mutum ya ja kifi har ya galabaita, ya kwantar da shi a busasshiyar ƙasa, ya damƙe shi da busasshen hannu, ya yi minti biyu ko uku yana neman hoton da ya yi masa, sannan ya wurga shi yana murna wai ya sake shi. Kifin zai yi iyo ya ɓace, amma da yawa daga baya suke mutuwa, inda ba wanda ya gani. Santsin jikinsa shi ke kare shi daga cuta, busasshen hannu kuwa goge shi yake. Lokacin zafi ruwa ba ya riƙe iska sosai, don haka wanda ya gaji da wuya ya farfaɗo. Abin da nake yi ba shi da wahala: ina matse ƙayar ƙugiya da filaya kafin in fara, in jiƙa hannu, in cire ƙugiyar kifin yana cikin ruwa. Idan ya haɗiye ta, yanke zaren nake yi, domin tonon ya fi ƙugiyar illa.

Ga kuma dalmar da muke ɗaurawa a zare. A Ingila sai da aka hana ƙananan dalmar fatsa a 1987, bayan manyan tsuntsayen ruwa sun yi ta haɗiye ta suna mutuwa, kuma da aka hana, yawansu ya dawo.

Na san wasu za su ce jiragen kamun kifi ne ke cinye ruwa, ƙugiya ɗaya me za ta yi? A teku akwai gaskiya a ciki. A ƙaramin tafki kuwa, manyan kifayen ba su da yawa, kuma mu ne muka fi kowa farautarsu.

Roƙona ga masu shirya gasar fatsa shi ne su daina ɗora kifi matacce a sikeli. A auna tsawonsa a kan jiƙaƙƙen allo, a ɗauki hoto ɗaya, a sake shi nan take, kuma duk wanda kifinsa ya mutu a hannunsa a rage masa maki.

Naka,
Wani mai fatsa