Amsa ga ƙanena da ya tambaya ko soja ne maganinmu

Assalamu alaikum ƙanena,

A wajen taron matasa ka miƙe ka tambaye ni: tunda farar hula sun kasa maganin 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni, me zai hana mu yi fatan soja kamar Nijar? Zaure ya kaure da tafi, lokaci kuma ya ƙure. Ga amsata.

Ban ga laifin fushinka ba. Manomin da sai ya biya ɗan bindiga kafin ya taka gonarsa ba lacca yake bukata ba.

Amma dubi Nijar ɗin da kyau. Janar Tchiani, shugaban dakarun da ke tsaron fadar Shugaba Bazoum, shi ya kifar da shi ran 26 ga Yulin 2023. Ya kori sojojin Faransa, Yamai ta cika da murna, ni ma ban yi musu kukan tafiya ba. To, a Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara 5 ba tare da an jefa ƙuri'a ba, aka rushe jam'iyyu kaf. Hare-hare a yankin Tillaberi kuwa ba su tsaya ba.

Balle mu Sakkwatawa, ba sai an ba mu labari ba. Soja ne suka kashe Sardauna a Janairun 1966. Da suka tumɓuke Shagari a ƙarshen 1983 an yi ta shewa, wai an kori ɓarayi. Ba a rufa shekara ba Dokar soja ta 4 ta jefa 'yan jarida kurkuku. A Afrilun 1996, zamanin Abacha, kantoman soja ya kira Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki ofishinsa, ya ce masa an tuɓe shi, aka fice da shi daga garin. Sarkin Musulmi fa! In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma sojan da kake kira, ai shi ke daji yana wannan yaƙin. In manyansa suka koma rabon ministoci da kwangila, wa zai kula da shi?

A 2015 da ƙuri'a aka sauke shugaba mai ci a ƙasar nan. Kai ma amsa min a bainar jama'a: in janar ɗinka ya gaza a Sabon Birni, ta wace hanya za ka sauke shi?

Yayanka,
daga Sakkwato