Kafin ki tafi bikin Dubai

Assalamu alaikum ɗiyata. Muna nan lafiya a Garwa, babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, kuma babanki ya amince ki je bikin 'yar Gwaggonki, tunda tare da Kawu za ku tafi. Abin da nake so ki riƙe shi ne, masu biki a ƙasar waje su ma baƙi ne a can, kuma kowane kwana kuɗi suke biya. Ki shirya kanki yadda ba za ki zame musu ƙarin nauyi ba.

Fara da fasfo. Ki duba ranar ƙarewarsa, domin sai ya kasance da sauran wata 6 a ranar da za ki shiga ƙasar. In bai kai ba, ki sabunta tun yanzu, kuɗinsa sefa 110,000. Daga nan sai biza, kuma kada ki biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito. Wurin da mutanenmu suka fi faɗawa matsala shi ne rubutun suna. Takardunmu da rubutun Faransanci aka yi su, amma dangin da ke Kano in za su cika takarda sai su rubuta A'isha inda fasfo ya ce Aïssatou, ko Usman inda ya ce Ousmanou. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin tikiti, biza da fasfo, sai a tsayar da mutum a filin jirgi da akwatinsa. Don haka hoton shafin fasfo za ki tura wa duk mai cika miki takarda, kada ki faɗa masa da baki. Ki buga bizar da tikitin dawowa da adireshin otal a takarda, waya tana iya mutuwa. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, ki sa shi cikin fasfo. In ya ɓace har ta kai ga sake allurar, sabon katin ba ya aiki sai bayan kwana 10.

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngaundere da yamma yakan makara, kuma kamfanin jirgin sama ba ruwansa da wannan uzuri. Ki isa Yawunde kwana ɗaya kafin tafiya, ki kwana gidan Baffanki, ki kasance a filin Nsimalen awa 3 kafin tashi. Agogon Dubai yana gaban namu da awa 3, na Adis Ababa inda za ku sauya jirgi da awa 2, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne.

Kayan ranar biki, wato ankon, ɗankwali, takalmi da sarƙa, su tafi a jakar hannu. Babban akwati yakan kwana a hanya ya iso bayan an watse, kuma ba ki da tela a can. Humra da turaren ruwa kuwa babban akwati za su shiga, a naɗe cikin leda da zane, saboda kwalbar da ta wuce mililita 100 ƙwace ta ake yi a jakar hannu. Lalle ki bari sai kin isa, domin in ya kama kan yatsu sosai na'urar ɗaukar zanen yatsa takan ƙi karantawa.

Wannan ki ji shi da kyau: kada ki karɓi saƙon kowa a rufe, ko da na wanda kike jin kunyarsa ne. Ki ce a buɗe a gabanki. Tramadol da maganin tari mai kodin, da ake sayarwa a kasuwa a nan kamar alewa, a can suna kai mutum gidan yari in babu takardar likita da izinin hukumar lafiyarsu. Maganinki ya tafi cikin kwalinsa tare da takardar asibiti.

Sefa ba ta da amfani a can, ki canza zuwa dala ko yuro tun a Yawunde. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ba ta motsi, don haka lissafi ba wuya. Ki tambayi Gwaggo tun yanzu, ba kunya a ciki: kwana nawa suka biya na otal, da abinci ko babu, wa zai ɗauko ku daga filin jirgi. Otal yakan riƙe kuɗin ajiya ranar shiga, akwai kuma harajin ɗaki na kowane dare, ruwa da lemon cikin ɗan firjin ɗaki ma na sayarwa ne da tsada. Gudummawar amarya ki ware ta a ambulan kafin ki ga kasuwar gwal ta Deira. Ki sayi mahaɗin caja mai baki uku irin na Najeriya, namu mai baki biyu ba ya shiga. Kiran murya na WhatsApp ba ya tafiya a can, sai rubutu da saƙon murya, to ki riƙa turo mana su.

Zauren biki da awa ake kama shi, in an ce ƙarfe 7 to ƙarfe 7 ne. Kada ki zo da ƙawar da ba a ƙirga da ita ba, kowace kujera an biya mata abinci. Kada ki ɗauki hoton mutanen da ba ki sani ba, musamman matan ƙasar, laifi ne a dokarsu. Na amarya ma kada ki sa a Facebook sai ta yarda.

Ki rubuta ranar da bizarki za ta ƙare, duk kwanan da ya ƙaru sai an ci ki tara. Ranar da Kawu zai dawo ki dawo.

Ki gaishe min da Gwaggonki, ki ce Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Allah ya kai ki lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.