Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ilimi: Darasi Daga Aikin Farfesa Varadhan

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in jawo hankalinka ga tarihin wani masanin lissafi ɗan ƙasar Indiya, Farfesa Srinivasa Varadhan, saboda yadda ƙasarsa ta rene shi abin koyi ne ga ma'aikatar da kake jagoranta.

An haifi Varadhan a birnin Madras, wanda ake kira Chennai a yau, a shekarar 1940. Ya yi digirinsa na uku a Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya da ke Kolkata, ya kammala a 1963 ƙarƙashin kulawar Farfesa C. R. Rao, kuma babban malamin nan na Rasha, Andrey Kolmogorov, yana cikin waɗanda suka duba kundinsa. Daga nan ya wuce Cibiyar Courant ta Jami'ar New York a Amurka, inda ya ci gaba da koyarwa da bincike.

Fanninsa shi ne lissafin yiwuwar aukuwar al'amura. Wannan ilimi ya daɗe yana bayyana abin da aka saba gani, amma Varadhan ya karkata ga abin da ba kasafai yake faruwa ba, wanda idan ya faru ɓarnarsa ta fi ta kullum. Masanin lissafi Harald Cramér na ƙasar Sweden ya taɓo wannan tambaya tun 1938, domin kamfanonin inshora suna son sanin yiwuwar masu neman diyya su taso lokaci guda har asusu ya ƙare. Varadhan, tare da abokin aikinsa Monroe Donsker, ya faɗaɗa ta har ta zama cikakkiyar ƙa'ida wadda ke auna yadda irin wannan yiwuwa take ƙanƙancewa, kuma a yau masana kimiyyar fiziks da injiniyoyin sadarwa suna amfani da ita. A kan wannan aiki ne ƙasar Norway ta ba shi lambar yabo ta Abel, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo a fannin lissafi, a 2007.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, ranka ya daɗe, shi ne shekarunsa na Kolkata. Shi da 'yan uwansa ɗalibai, irin su K. R. Parthasarathy da Ranga Rao, sun samu ɗakin karatu da natsuwa, suna koyar da juna, ba wanda ya tsare su da tambayar ribar da binciken zai kawo gobe. Majalisar dokokin Indiya kuwa ta riga ta ayyana cibiyar a matsayin mai muhimmanci ga ƙasa tun 1959, a lokacin da ƙasar ke fama da talauci.

Mu ma muna da tambayoyin da ke jiran irin waɗannan masana. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, tana cikin al'amuran da ba a saba gani ba, kuma duk mai gina madatsa ko tsara inshorar manoma dole ya san yadda ake auna haɗari irin wannan.

Saboda haka nake roƙon ka sa TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta ware tallafi na shekaru huɗu ga ɗaliban digiri na uku a wannan fanni, wanda zai ishe su ci da haya ba tare da sun koma neman aikin wucin gadi ba, a kuma tara su a Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Babban Birnin Tarayya, Abuja, inda za su zauna tare da malamai na gida da na waje.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin lissafi